Injiniya da Rubu'in Goɗiya

Mahaifina mai walda ne. Shagonsa na bakin titi, tsakanin wani mai facin taya da wani mai sayar da fenti, kuma shekara arba'in ya yi a wurin yana ƙera ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Bai yi karatu mai nisa ba, amma kowa Injiniya yake ce masa. Ba shi da rigar aiki ko ɗaya da tartsatsi bai huda ba. In ya dawo gida da yamma idanunsa jawur, Umma takan jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta miƙa masa, ya kwanta a tabarma ya ɗora a fuska, mu kuma a ce mu rage surutu.

Ba mai dogon buri ba ne. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ƙwallo ma bai dame shi ba. Kuɗi kuwa da ƙofa yake auna shi. In aka ce masa kuɗin makarantata ya ƙaru, sai ya ce, "Wato ƙofa ɗaya da taga biyu. Allah zai kawo." Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana har yau.

Ta hanyar aiki doki ya shigo rayuwarsa. A bayan gari akwai filin sukuwa, inda ake tseren dawaki duk ranar Asabar, wata takwas a shekara. A bakin fagen akwai wani dogon keji na ƙarfe mai ɗakuna goma a jere, da ake shigar da dawakin kafin a tashi. In an ja sanda, ƙofofin goma su buɗe lokaci guda. Wata shekara biyu daga cikinsu suka fara makara, masu dawaki suka yi ta ƙorafi, sai aka kira Baba. Kwana huɗu ya yi yana gyara. Ranar Asabar aka roƙe shi ya tsaya kusa, ko wani abu zai ƙi.

Da ya dawo gida ranar bai nemi tsumma ba. Ya zauna a kujerar tsakar gida ya ce mini, "Uwata, ƙofa na je kallo. Da suka fita sai da ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Har suka zagayo ban tuna na duba ƙofar ba."

Daga nan Asabar ta zama tasa. Da azahar sai ya rufe shago, ya sa wankakkiyar riga, ya hau babur ɗinsa. A can ya saba da wani mai horar da dawaki da ake kira Dattijo, tsohon mahayi ne, gajere, yana ɗingishi saboda wata faɗuwa da ya yi yana saurayi. Baba yakan gyara masa ƙofofin barga da kwanukan abinci, shi kuma ya bar shi ya tsaya ya ga yadda ake wanke doki da yadda ake duba kofato. Shekara shida suna haka, Baba bai taɓa cewa yana son nasa ba.

Sai aka ba shi aikin shingen wata makaranta, aiki mafi girma da ya taɓa samu. Da aka biya shi, kowa a gida ya san sabon janareta za a saya wa shago, don tsohon sai an yi masa magiya yake tashi. Maimakon kasuwa, sai Baba ya nufi barga. Shi ya ba ni labarin yadda suka yi, kuma ya maimaita shi sau da yawa har na haddace.

Ya tarar da Dattijo yana gauraya dusa da hatsi. Ya ce, "Dattijo, dokin sukuwa nawa yake?"

Dattijo bai ɗago ba. "Sayensa kake tambaya ko riƙonsa?"

"Da bambanci ne?"

"Sayen shi ne mai arha, don sau ɗaya ake yi. Ɗauko bokitin can ka zauna."

Ya lissafa masa da yatsu. Ci, safe da yamma, ko ya yi gudu ko bai yi ba. Ladan mai wanka da shara. Takalmin ƙarfe duk bayan mako shida. Allurai da maganin tsutsa. Kuɗin horo. Ranar tsere kuma akwai kuɗin shiga, da na mahayi, ko da dokin ne ya zo na ƙarshe. Baba ya haɗa a ransa, ya ga abin ya kai ƙofa huɗu duk wata, alhali shi a wata mai kyau ƙofa bakwai yake ƙerawa.

Ya ce, "Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza ke nan."

Dattijo ya ce, "In kai kaɗai za ka riƙe, ya fi. Amma ba ita kaɗai ce hanya ba. Akwai haya, ka karɓi dokin wani na shekara ɗaya, kai ke ciyarwa, abin da ya ci ku raba da mai shi. Akwai kuma haɗaka, mutum huɗu ko biyar ku sayi ɗaya, ku raba nauyin. Abu guda dai zan gaya maka tsakani da Allah. Cikin masu doki goma da na yi wa aiki, tara ba su mayar da kuɗinsu ba. In riba kake nema, je ka sayi janaretanka."

Baba ya kwana uku yana juya maganar kafin ya kai wa Umma. Tana tsintar shinkafa a faranti, ni ina guga a gefe. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

Ta ce, "Malam, caca ce?"

"Akwai masu yin cacarsu a wajen shinge. Ni ban taɓa ba, kuma ba zan fara da furfura ba."

"To me za ka samu?"

Ya ce, "Tun ina shekara goma sha biyar nake yi wa mutane ƙofar gidajen da ba zan shiga ba. Ina so in tsaya a bakin fagen nan in ce wancan nawa ne."

Umma ta ci gaba da tsintarta. Ta ce, "Sharaɗi biyu. Kar ya taɓa tukunya, kar ya taɓa makarantar yara. Sauran guminka ne. Amma ka sani, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kar in ji ƙorafi."

Haya ya fara gwadawa, don ya ga ita ce ba ta cin kuɗi a dunƙule, kuma da ragowar ya samu ya sayi janareta na hannu. Dokin wani ɗan kwangila ne, baƙi, ramamme, wanda mai shi ya gaji da ciyarwa. A hannun Dattijo ya murmure, ya yi kyau, har ya zo na uku sau biyu. Baba yakan biya ta kasuwa ya saya masa karas. Da shekarar ta ƙare, ɗan kwangilar ya ga dokinsa ya yi daraja, ya sayar wa wani a wani gari. Haƙƙinsa ne, haka aka rubuta. Ranar Litinin Baba ya je da ledar karas ya tarar an share ɗakin an zuba sabon yashi. Ya dawo da ledar gida, Umma ta karɓa ta sa a miya.

Wata biyar bai sake maganar doki ba. Dattijo ne da kansa ya zo shago wata safiya, ya ce akwai wata goɗiya 'yar shekara uku da za a sayar, ja ce mai farin goshi, ba ta da girma amma tana da zuciya. Shi zai ɗauki rubu'i. Ya sami mutum biyu kuma, wani mai kemis da ke kusa da tasha, da wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya. Saura mutum ɗaya.

Hedimasta ne ya rubuta yarjejeniyar a takardar littafin makaranta, da jan layi a ƙarƙashin kowane sharaɗi, kowa ya sa hannu. Suka sa mata suna Fitila saboda farin goshin. Rabon Baba na ciyarwa ya kama ƙofa ɗaya a wata, wani watan da taga.

Da ya kawo takardar gida, Umma ta sa ni na karanta mata. Ta ce, "Yanzu rubu'in naka ta ina yake? Gaban ne ko bayan?"

Baba ya ce, "Ban tambaya ba. Amma duk ƙarshen wata bakin ake kawo mini."

A shagonsa suke taruwa ranar Lahadi da hantsi, a kan benci, da shayi daga tsallaken titi. Mai Kemis mutum ne mai gaggawa, kullum so yake a sa ta a babban tsere. Hedimasta yana da littafin da yake rubuta lokacin da ta yi a kowane atisaye, kuma ba ya yarda a yanke magana sai ya karanto shi tun daga shafin farko. Dattijo yakan bar su su gama, sannan ya faɗi abin da za a yi. Baba ba ya cika sa baki. Shi dai a ba shi safiyar Laraba, ya je ya riƙe mata ragama yayin da ake wanke ta.

Tserenta na farko ta zo ta bakwai cikin tara. Na biyu ta zo ta biyar. A na huɗu ta ƙi shiga kejin sam, sai da aka rufe mata ido, har mai facin taya ya riƙa tsokanar Baba wai goɗiyar ta san wanda ya yi waldar ne. Baba ya yi dariya tare da shi. A shekarar farko ba ta kawo ko kuɗin takalminta ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi a gida ba. Abin da na lura kawai, ya daina hutun Lahadi da yamma, yana komawa shago ya ƙara taga ɗaya ko biyu.

A shekara ta biyu ne ta ci. Ƙaramin tsere ne, na dawakin da ba su taɓa ci ba, wanda ake yi da wuri kafin manyan mutane su iso. Ranar ce Umma ta fara zuwa filin, ni na matsa mata. Muka tsaya a jikin shinge, Baba a tsakiyarmu. Da aka buɗe ƙofofi Fitila ta fita ta huɗu, ta zauna a nan har kwanar ƙarshe. Daga nan mahayin ya kwantar da kansa a wuyanta, muka ga farin goshin nan yana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Mai Kemis yana tsalle yana kiran sunanta, Hedimasta ya yar da littafinsa bai sani ba. Baba bai yi motsi ba. Hannunsa biyu na kan ƙarfen shingen. Da ta ƙetare layi da tazarar wuya ɗaya, ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali, ya cire hularsa ya share fuska da ita.

Umma ta ce, "Ashe haka take da gudu. Ga ta 'yar ƙarama."

Bayan an cire na mahayi da na horo daga kuɗin kyautar aka raba huɗu, abin da ya zo hannun Baba bai wuce cin wata biyu ba. Ya saya wa Umma turmin zane, ya biya mai hoto ya wanke masa babban hoton su huɗu da goɗiyar, ya yi masa firam na ƙarfe da hannunsa ya rataye a shago sama da injin yanka.

Ta ƙara zuwa ta biyu sau ɗaya. Bayan wata huɗu, a wani atisayen safe, ta dawo tana ɗaga ƙafar gaba ta dama. Aka kira likitar dabbobi, wata mace marar yawan magana, ta shafa ƙafar, ta haska ta da na'ura. Ta ce babbar jijiya ce ta yage. Za ta warke har ta yi tafiya ba ciwo, in an ba ta hutun shekara guda da magani. Gudun tsere kuwa, in an mayar da ita, ƙila ta yi sau biyu ko uku kafin ƙafar ta karye gaba ɗaya.

Lahadin da ta biyo baya an kawo shayi amma ya huce a kan benci. Mai Kemis ya ce wani mutum ya zo masa da tayi. Yana sayen irin waɗannan dawakin, ya yi musu allurar kashe zafi, ya kai su ƙananan tsere a nesa. Kuɗin da ya taya bai kai rabin abin da suka saye ta ba, amma kuɗi ne.

Ya ce, "Ba mugunta ba ce, Injiniya. Ɗana zai shiga jami'a bana. Ba zan iya ciyar da dokin da ba ya gudu ba."

Hedimasta ya ce shi ma fanshonsa ba zai ɗauka ba, ko da yake tayin bai kwanta masa a rai ba. Dattijo ya ce shi ba zai sa hannu a sayar wa wannan mutumin ba, amma kuma bargarsa ta masu gudu ce, ba shi da ɗakin ajiye majinyaci shekara guda. Yarjejeniyar ta ce in uku sun yarda a sayar, an sayar. Duk suka juyo suna kallon Baba.

Ya ce, "Ku ba ni zuwa Laraba."

A gida ya faɗa wa Umma komai, har da abin da likita ta ce zai faru da ƙafar. Ya ce yana so ya sayi rabon sauran a kan farashin da mutumin ya taya, amma ba shi da kuɗin, kuma bai san inda zai ajiye ta ba.

Umma ta ce, "Da tana gudu rubu'i ka iya. Yanzu da ta gurgunce kake son ta duka."

"Haka ne."

"Ka dai san ba wayo a ciki."

"Na sani."

Ta tashi ta ɗauko mayafinta. Ƙanenta, Kawu, yana da lambun mangwaro da kayan miya a gefen gari, kuma kullum kukansa tsadar taki. Kafin magariba ta dawo da magana. Kawu ya ba da wuri a ƙarƙashin bishiyoyi, da ciyawar bakin rafi kyauta, shi kuma kashin dokin nasa ne.

Sauran kuwa da ƙarfe Baba ya biya su. Ya yi wa Mai Kemis sabuwar ƙofar shago mai naɗewa da kantoci huɗu, abin da dama yake shirin sayowa. Hedimasta ya karɓi tagogi shida na gidan da yake ginawa. Dattijo ya ƙi karɓar komai. Ya ce, "Rubu'ina na bar mata, ba kai na bar wa ba." Wata uku Baba ya yi yana wannan aikin bayan ya gama na masu biya. A lambun ya kafa mata rumfa da ragowar bututu da kwano, ya yi mata ƙofa mai kyau fiye da ta gidanmu.

Ba ta sake tsere ba. Ƙafar ta warke, sai ɗan kumburi da ya zauna. Riƙonta a lambu bai kai rabin na barga ba, tunda babu horo babu mahayi, amma hatsi da magani da gyaran kofato suna nan, kuma shi kaɗai ke ɗauka. Ya ci gaba da zuwa filin sukuwa wata Asabar ɗin, a matsayin mai kallo. Sau biyu ana gayyatarsa sabuwar haɗaka yana cewa bakin da yake ciyarwa ya ishe shi. Kullum bayan asuba sai ya hau babur ya tafi lambu, ya ja ta su zaga bakin rafi, sannan ya wuce shago. 'Ya'yana duk a bayanta suka fara sanin hawan doki, yana riƙe da ragama yana tafiya a gefensu.

Yanzu shekararta goma sha bakwai, shi kuma ya haura saba'in. Ƙanena ne ke riƙe da shago. Walda ta ci idanun Baba, bara aka yi masa aiki a na hagu, likita ya hana shi fita rana da shiga ƙura har mako uku. Bai taɓa yin kwana uku bai ga Fitila ba sai a lokacin. Kawu yakan bugo waya ya ce tana ci tana sha, Baba ya ce a kai wayar kusa da ita, Umma ta ce a bar wannan shirmen.

Ranar da likita ya ba shi izinin fita ni na kai shi lambun a mota, yana sanye da baƙin tabarau. Muka tarar da ita a rumfa. Ya kira ta, ta ɗago ta dube shi, sai ta juya masa baya ta sa kai a kusurwa.

Na ce, "Baba, ko tabarau ɗin ne ba ta gane ba?"

Ya ce, "Ta gane. Fushi take. Bar ta."

Ya jawo wani tsohon bokiti ya kife ya zauna a bakin ƙofar, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ni na koma inuwar mangwaro muna hira da Kawu a kan farashin tumatir. Mun fi rabin awa a haka. Da na waiwaya sai na ga ta matso, ta sa hanci a aljihun rigarsa tana lalube, shi kuma yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da yake cewa ba.

Da za mu tafi ya ja ƙofar rumfar, ta yi ƙara. Ya buɗe ya sake rufewa, ya shafa wajen maƙalar da yatsa.

Ya ce, "Uwata, in mun koma ki biya ta shago. Ki ce wa ƙanenki ya zo gobe da ƙaramin inji, wannan ta ƙasan ta fara cinyewa. Ya zo da wuri kafin rana ta yi zafi, ni zan nuna masa wurin."